Sisin Kaka da Shagon da Ya Rufe

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida, ka daɗe kana tambayata ko ƙauyukan Ingila sun fi namu sauƙin saye da sayarwa, kuma sai yanzu na ga abin da zan faɗa maka. Makon jiya maƙwabciyarmu a Bradford, wata dattijuwa da ta haura shekara 65, ta ɗauke mu a motarta zuwa wani ɗan ƙauye a tsaunukan Yorkshire, gaba da Skipton, inda take zuwa hutu wurin kakarta lokacin tana yarinya.

Tun a hanya ta fara ba mu labarin shagon ƙauyen, wanda shi ne kuma gidan waya. A nan kakarta take karɓar fansho, ta sayi shayi da sukari, ta tsaya hira, sannan ta danƙa wa jikar sisi ta sayi alewa, mai shago ya ɗebo daga cikin manyan kwalabe ya auna mata a sikeli. Da na ce mata mu ma mun yi zamanin sisi da taro da sule, har sai da naira ta zo a 1973, shekara biyu bayan su sun bar sule a 1971, sai ta yi ta dariyar mamaki. Madara kuwa ta kan zo da asuba a wata motar lantarki marar ƙara, a ajiye kwalabe a bakin ƙofa, kuma idan aka makara sai ƙananan tsuntsaye su huda murfin su sha maiƙon da ya taso sama.

Da muka isa sai muka tarar shagon ya zama gidan kwana, ko allon sunansa babu. Jan ɗakin tarho na gefen coci yana nan, amma cike yake da littattafan aro, domin tun 2008 kamfanin tarho na BT yake sayar wa al'ummomi irin waɗannan ɗakuna a kan fam 1. Mazauna ƙauyen yanzu ta intanet suke odar kaya, motar Tesco ko ta wani babban kanti ta kawo har ƙofa, kuma ba na musun cewa kayan sun fi na da yawa da tsabta. Sai dai tsohon da ba ya tuƙi kuma bai iya waya ba yana cikin wahala, domin bas ba ta wuce 'yan sahu a rana, ranar Lahadi kuwa babu ita sam. A ganina, a wannan fannin ƙauyenmu ya fi, inda mai tebur yake kusa, 'yan talla suna sallama, Bafulatana tana kawo nono har tsakar gida, kuma ana ba da bashi zuwa ranar kasuwa. Naman halal ma sai mun koma Bradford.

Abu ɗaya ya burge ni ƙwarai. A ƙofar wata gona an jera ƙwai a akwati, an rubuta kuɗinsa, an ajiye gwangwani a gefe, ba kowa a wurin. Na ɗauki rabin dozin na zuba kuɗina, ita kuwa dattijuwar tana can tsaye gaban tsohon shagon, tana nuna wa matata tagar da kwalaben alewa suke.