Catan: ciniki da ɓarawo a kan allo guda

Wasan Catan, wanda Bajamushe Klaus Teuber ya ƙirƙira aka fara sayar da shi a 1995, ya daɗe a kasuwa, amma sai a 'yan watannin nan na samu damar buga shi sau da dama tare da abokaina uku. Allonsa tsibiri ne mai filaye 19, kowanne da kusurwa shida, waɗanda suke ba da katako, tubali, alkama, gashin tumaki da tama, in ban da guda ɗaya da yake hamada. Ana jefa 'yan lido biyu, duk wanda yake da ƙauye a gefen filin da lambarsa ta fito sai ya karɓi katin amfanin wurin, kuma wanda ya fara tara maki 10 shi ya yi nasara.

Armashin wasan yana cikin ciniki, domin an tsara shi ne yadda da wuya mutum ya wadatu da abin da yake samu shi kaɗai. Gina hanya yana buƙatar katako da tubali, mayar da ƙauye birni kuwa sai da tama uku da alkama biyu. Wanda ya rasa wani abu yana iya musanya da banki, wato tarin katunan da ba sa hannun kowa, ya ba da kati huɗu iri ɗaya ya karɓi ɗaya, amma wannan faɗuwa ce ƙarara, shi ya sa kowa yake juyowa ga maƙwabcinsa. Na ga wani daga cikinmu ya rungume gashin tumaki biyar yana magiyar a ba shi tubali ko da ɗaya ne, mu kuwa muka yi kunnen uwar shegu da shi, saboda mun lura saura maki biyu ya gama. A nan ake gane wanda ya iya taya kaya da wanda yake saurin sallamawa.

Sai kuma ɓarawo, ɗan gunkin da yake fara zama a hamada. Lamba 7 ta fi kowace yawan fitowa, tunda hanyoyi 6 cikin 36 ne suke kawo ta, kuma da zarar ta faɗo, duk mai riƙe da kati fiye da bakwai sai ya zubar da rabi. Daga nan wanda ya jefa zai ɗora ɓarawon a filin da ya ga dama, ya toshe amfaninsa, ya kuma zare kati ɗaya daga hannun mai ƙauye a wurin. Wannan doka ta burge ni ƙwarai, domin tana hana ɓoye kaya, tana kuma ba na baya damar taka wa na gaba birki.

Aibin wasan shi ne zaɓin wurin da za a kafa ƙauyukan farko yana da nauyi fiye da kima. Wanda ya samu lambobin 6 da 8, waɗanda aka rubuta da ja, zai yi ta kwasa, wanda ya maƙale a 2 ko 12 kuwa yana iya shafe sa'a guda yana kallon ruwa kwaɗo ya yi masa ƙafa. Mai sha'awar dara, inda dabara zalla take aiki, zai ji haushin yadda sa'a take tsoma baki a nan. Haka kuma akwatin asali na mutum uku ne ko huɗu, don haka idan ku biyu ne a gida, sai kun nemo na uku kafin ku shimfiɗa allon.