Ganciclovir ko foscarnet, in CMV ta taɓa ƙwaƙwalwar mai dashen ƙoda

Wanda aka yi wa dashen ƙoda dole ya dinga shan maganin danne garkuwar jiki irin su tacrolimus, to nan fa ƙwayar cutar bairos irin su CMV (cytomegalovirus) ko HHV-6 (wani nau'in herpes) ke samun ƙofa har ta kai ƙwaƙwalwa, sai ka ga mutum ya rikice, bai gane 'yan uwansa, wani har da jijjiga. Magani biyu ake dubawa, duk ta jijiya.

Ganciclovir shi ake fara ɗauka yawanci don bai cika cutar da ƙoda ba, sai dai a daidaita yawansa da ƙarfinta. Matsalarsa ɓargo, yana karya fararen ƙwayoyin jini, in kuma ana shan mycophenolate, wani maganin danne garkuwar jiki da shi ma ke karya su, abin ya zama biyu, kullum gwajin jini.

Foscarnet kuwa wallahi tsoro yake ba ni, ƙodar da aka sha wahala aka samu ita yake bugu, ga kalsiyam da magnesiyam na zubewa, sai an ta ƙarin ruwa kafin a sa shi. Amma in ƙwayar ta bijire wa ganciclovir ko jinin ya yi ƙasa sosai, ba yadda aka iya sai shi.