Wake, Gyaɗa ko Waken Soya: Me Za Ka Shuka Idan Ka Tuge Rake?

Rake amfani ne mai cin ƙasa. Idan ka sare gyauro sau uku zuwa huɗu, za ka ga sanda ta fara sirancewa, gaɓa ta gajarce. Masu fadama a Kwali, Abaji da Gwagwalada da ke yankin Abuja sun san lokacin tugewa ya yi. Maimakon a bar filin ga ciyawa, gara a zuba masa dangin wake, domin ƙululun da ke saiwarsu suna tara sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne ake saye da tsada a buhun yuriya.

Kafin ka je wurin mai iri, dubi ƙasarka, ka kuma lissafa kwanakin da filin zai zauna ba rake.

Idan ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, ni waken soya zan zaɓa. Ya fi sauran jure damshi, kuma masu haɗa abincin kaji suna nemansa kullum. Irin TGx 1448-2E na cibiyar binciken noma ta IITA yana kai kusan wata huɗu, amma kwansonsa ba ya saurin fashewa a gona. Hekta ɗaya tana cin kilo 50 zuwa 60. Sai dai irin soya yana saurin mutuwa a ajiya. Ɗebi ƙwaya 100 ka nannaɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara, ka buɗe bayan mako guda. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, mayar wa mai shi. Ka haɗa da garin NoduMax, mai taimaka wa saiwa tara naitirojin, da ake cuɗa iri da shi a inuwa kafin shuka, da takin sufa.

Gyaɗa ta jigawa ce. A gefen fadama mai rairayi, irin gyaɗa SAMNUT 24 tana nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, ga harawa mai kyau. A cikin laka kuwa ruɓewa za ta yi, tugewar ma wahala ce.

Wake shi ne na mai gaggawa, kuma kilo 20 zuwa 25 na irinsa ya ishi hekta. Matsalarsa ƙwari, musamman da ruwan Abuja mai yawa. Irin SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Zariya ta fitar a 2019 yana jure tsutsar da ke huda kwanso, feshi ya ragu, amma bai hana sauran ƙwarin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kwashe komai. An ɗauki ƙwaya, an ɗaure harawa an kai kara, an ƙone ragowar, sannan a ce waken bai gyara ƙasa ba. Yawancin naitirojin yana cikin ƙwaya da ganye. Idan don rake mai zuwa ka shuka, bar ganye da saiwa, ka juye su da garma.

Tuna kuma da maganin ciyawar da ka fesa wa rake. Atrazine da diuron suna daɗewa a ƙasa, suna ƙona dangin wake tun suna tsiro, don haka duba kwanakin jira da ke jikin kwalba. Wajen saye, nemi buhu mai tambarin hukumar iri ta ƙasa, NASC, ka kankare lambar da ke jiki ka tura ta waya don tabbatar da irin na gaskiya ne kafin ka biya.