Wane Takunkumi Za Ka Saya Idan Aikinka Magana Da Marar Lafiya Ne?

Duk wanda ya je sayen takunkumi don aikin asibiti, ko na kemis, ko jinyar wani nasa a gida, tambaya ɗaya yake yi wa mai shago: wanne ya fi tare cuta? Tambaya ce mai kyau, amma akwai 'yar'uwarta da ba a cika yi ba: idan na sa shi, marar lafiya zai ji abin da nake faɗa masa? Ni ma'aikaciyar jinya ce a Daura, kuma ina cikin masu sayo kayan aiki a ƙaramin asibitin da nake. A garin nan ba sai an yi mana wa'azi kan amfanin takunkumi ba, domin wanda korona ta fara kashewa a Jihar Katsina, a watan Afrilun 2020, likita ne a Daura. Saboda haka ba cewa zan yi a ajiye shi ba. Cewa nake a zaɓa da lura.

Takunkumi ɓarna biyu yake yi wa magana. Ta farko, yana cinye siraran sautuka, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts", waɗanda su ne ke raba kalma da kalma, sai ya bar amon murya kawai. Mutum zai ji kana magana, amma ba zai tsinci abin da ka ce ba. Wani awo da aka wallafa a 2020 ya nuna takunkumin asibiti na yau da kullum yana rage irin waɗannan sautuka da desibel 3 zuwa 4 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), shi kuwa N95, wato takunkumi mai kauri da ke manne wa fuska, yakan kai kusan 12. Ta biyu, yana ɓoye leɓe da rabin fuska, alhali labarin zuciya fuska ake tambaya. Tun 2013 wani bincike a Hong Kong kan marasa lafiya sama da 1,000 ya gano cewa idan likita ya rufe fuska, mutane kan ga kamar tausayinsa ya ragu, ko da kuwa aikin nasa bai canza ba.

Mahaifina kunnensa ya yi nauyi, kuma kamar yawancin dattawanmu, ba zai taɓa ce wa likita "ban ji ba". Kai zai gyaɗa ya ce "to, to, madalla". An taɓa tura shi wani babban asibiti don gwajin da ake yi kafin a karya kumallo. Matashin da ya yi masa bayani yana sanye da takunkumi mai kauri, fanka na kaɗawa a sama, janareta na ruri a bayan taga. Ya ce masa, "Baba, kada ka ci komai kafin ka zo." Farkon maganar ya maƙale cikin takunkumi. Ranar gwaji Baba ya sha kokonsa da ƙosai, ya hau mota ya tafi, aka maido shi ba a yi komai ba. Kuɗin mota ya tafi, layi ya wuce shi, kuma ya dawo yana cewa, "Ɗiyata, yaron nan ai shi ya ce in ci." Tun daga ranar, kowane takunkumi aka kawo mini, da kunnen Baba nake auna shi.

Da wannan ma'auni, ban ga kamar takunkumin tiyata na ainihi mai hawa uku ba, wannan shuɗin da ake sayarwa guda 50 a kwali. Mutane sun raina shi don ya zama ruwan dare, amma a ɗakin ganin likita, da wurin awon ciki, da tagar ba da magani, shi ne gwani. Hawan waje yana tare feshin ruwa da jini, na tsakiya shi ke tace ƙwayoyin cuta, na ciki kuma yana tsotse danshin numfashi. Da yake dukansu sirara ne marasa nauyi, murya na ratsa su ba tare da ta dusashe sosai ba. Masu bincike a Jami'ar Illinois da suka gwada takunkumai iri-iri a 2020 sun same shi cikin waɗanda suka fi barin sauti ya fita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai yi wa mutum sittin bayani kafin azahar. Ba sai ka ɗaga murya ba, kuma ɗaga murya a asibiti illa ce babba: matar da ta zo da larurar da take jin kunyar faɗa ba za ta so na bayan labule su ji amsar da kake ba ta ba, tsoho kuma zai ɗauka tsawa kake yi masa. Sannan yana barin kumatu su motsa, idan ka yi murmushi ya kai ido. A zafin bazara, lokacin da zufa ke bin wuya, shi ne kaɗai za ka iya wuni da irinsa ba ka riƙa janye shi zuwa haɓa ba, kuma takunkumin da ke haɓa ba ya tare komai. Idan za ka saya, nemi wanda aka buga wa lambar ma'aunin Turai EN 14683 Type IIR a kwali, wato mai tace kashi 98 cikin 100 na bakteriya a gwaji kuma mai jure feshi, ko wanda ke ɗauke da ta Amurka, ASTM F2100. Ga cututtukan da ke bin feshin tari da atishawa, irin mashaƙon da ya addabi Kano da Katsina da Yobe a 2023, shi ne aka tanada wa ma'aikaci. Da zarar ya jiƙe, a yar a ɗauki wani.

N95 yana da wurinsa, kuma a wurin nan ba a yin ciniki da shi: ɗakin masu tarin fuka, wurin karɓar kaki, kusa da yaro mai ƙyanda, duk inda cuta ke yawo cikin iska. Yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ɓurɓushi, amma fa sai ya manne da fata. Mai cikar gemu ya sani cewa iska za ta bi ta gefe. A wajen magana kuwa, murya takan fito kamar daga cikin randa. Idan dole ne ka sa shi, rage saurin maganarka, ka fuskanci mutum, ka rubuta masa ƙa'idar magani a jikin leda. FFP2 na Turai da KF94 na Koriya da KN95 na Sin duk danginsa ne, sai dai kowanne da ma'aunin ƙasarsa.

Akwai kuma mai taga, wanda aka sa wa roba garai-garai a saitin baki. Wani gwaji da likitocin tiyata suka yi a Amurka kan marasa lafiya 200, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna mutane sun fi amincewa da likitan da suke ganin bakinsa, sun kuma fi gane bayaninsa. Ga kurame masu karanta leɓe, da masu maganar hannu, wadda rabinta a fuska take, babu kamarsa, shi ya sa nake ganin ya kamata kowane asibiti ya ajiye 'yan kaɗan a durowa. Amma robar ta fi kowane yadi toshe sauti, tana yin raɓa idan ka yi numfashi, yana da tsada, kuma ba a kowane shago ake samunsa ba. Ga tsohon da idonsa ma ya yi rauni, asara biyu ce.

Na yadi, wanda tela ya ɗinka, ya tsaya a ƙurar hunturu da hawan babur: idan saƙar ta yi sako-sako cuta ta wuce, idan ta yi kauri murya ta maƙale. Mai 'yar ƙofar fitar da numfashi a gefe yana hura wa marar lafiya iskarka ba tacewa, ba na asibiti ba ne. Garkuwar roba mai rufe fuska kuwa, idan ita kaɗai aka sa, ido da fuska kawai take karewa daga feshi.

Inda gizo ke saƙar shi ne jabu, kuma a nan ne aka taɓa cutar mu. Wani dillali ya kawo mana katan-katan da araha, kwali mai kyau, hoton likita a jiki, rubutun Turanci ko'ina. Da muka sa almakashi muka yanka guda, sai ga hawa biyu kacal, babu matacin tsakiya. Wasu kuma da suka cika hawa ukun, na tsakiyar wani abu ne mai santsi kamar leda, numfashi ba ya wucewa, magana ba ta fita, igiyar kunne na tsinkewa kana tsakiyar yi wa mai naƙuda bayani. Araha ba ta ado. Jabun takunkumi zalunci biyu ne, ya hana ka kariya, ya kuma hana marar lafiya jin ka.

Don haka kada ka biya kuɗin katan sai ka sayi kwali ɗaya ka yanka guda a gaban mai shago. Hawan tsakiya na ainihi fari ne mai laushi, ba ya sheƙi, kuma idan ka kusanta shi da ashana narkewa yake yi yana tattarewa, ba ya kama wuta irin ta takarda. Ɗiga ruwa a bayan shuɗin, ya kamata ya tsaya dunƙule, kada ya nutse. Lanƙwasa wayar hanci ka ga ko za ta tsaya yadda ka matse ta. Ja igiyar da ɗan ƙarfi. Shinshina shi, warin fenti ko na rima alama ce ta mugun kaya ko muguwar ajiya. Waɗannan gwaje-gwajen kasuwa ne, ba za su tabbatar maka da kashi 98 ɗin ba, amma suna kama ɓarawon da bai iya sata ba. Duba kwalin ka ga sunan kamfani da adireshinsa, lambar rukunin da aka yi shi, ranar ƙarewar aiki, da lambar NAFDAC. Kwalin da ya daɗe a shago mai rufin kwano, igiyarsa ta riga ta mutu tun kafin ranar da aka rubuta.

Jabun N95 ya fi ban tsoro, domin mai sa shi gaba-gaɗi yake shiga ɗakin tarin fuka. Na ainihi, a jikin takunkumin kansa za ka ga an buga NIOSH, hukumar Amurka da ke tantance shi, tare da lambar da ta fara da TC-84A. Igiyoyinsa biyu ne masu zagaye ƙeya, ba na rataya a kunne ba. Idan ka ga an rubuta N95 na yara, ko an yi masa ado, ko an kuskure harafi a sunan hukumar, ajiye shi. KN95 shi igiyar kunne gare shi, amma a nemi GB2626-2019 a jikinsa, kuma a sani cewa kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda hukumar nan ta gwada a 2020 da 2021 ba su kai abin da aka rubuta a kansu ba. Babban suna ma ba ya kare ka: a farkon 2021 hukumomin Amurka sun kama jabun takunkuman kamfanin 3M sama da miliyan 10, wasu har sun kai hannun asibitoci. Idan haka ta faru a can, ka ƙiyasta abin da ke shigowa kasuwanninmu ta hannu biyar kafin ya iso Daura. Waɗanda ake rataye wa a tsinke a bakin ƙofar asibiti, ana sayarwa ɗai-ɗai, kowa ya taɓa ya zaɓa, ƙurar titi ta sauka a kansu, su kam ko kyauta ne ba na karɓa.

Gwajin da na fi dogara da shi kuwa ba ya buƙatar almakashi. Sa takunkumin, ka tsaya taku uku daga wani dattijo a shagon, fanka na aiki, ka faɗa da muryar da kake magana da ita kullum: "Baba, ƙwaya biyu sau uku a rana, bayan cin abinci, kwana biyar." Ka roƙe shi ya maimaita maka. Idan ya kawo ta daidai, sayi katan ɗin. Idan ya gyaɗa kai ya ce "to, madalla", ka ce wa mai shago ya ɗauko wani.