Pregabalin ko Amitriptyline: Wanne Za A Sha Don Ciwon Jijiya?

Masu fama da zugi da ƙuna a tafin ƙafa suna yawan tambayata wanne ya fi cikin magungunan nan biyu.

Aikinsu a laka ya bambanta. Pregabalin yana rage shigar sinadarin kalsiyam a bakin jijiyar da ke kawo saƙon zafi, sai ta rage fitar da gulutamet, sinadarin da ke miƙa saƙon gaba, saƙon ya isa jijiyoyin laka da rauni. Amitriptyline kuwa ƙarfafa birkin da ƙwaƙwalwa ke aikowa laka yake yi, ta hanyar hana jijiyoyi sake tsotse sirotonin da noradirenalin, sinadaran da birkin ke amfani da su wajen danne saƙon zafi.

Amitriptyline ya fi araha, sau ɗaya ake sha da dare, yana kuma kawo barci. Amma yana busar da baki, ya ɗaure ciki, ya riƙe fitsari, kuma abin da ya fi damuna shi ne yana iya rikita bugun zuciya. Pregabalin na sa jiri da kumburin ƙafa da ƙiba, jiki kan saba da shi, don haka ba a yanke shi rana ɗaya. Ƙoda ce ke fitar da shi.

Wanda ciwo ke hana barci, zuciyarsa lafiya, amitriptyline ya dace da shi. Dattijo mai ciwon zuciya, likita zai fi karkata ga pregabalin, bayan ya duba ƙodarsa.