Gargaɗi ga masu neman tsofaffin babura a Jos: a duba lambar inji kafin a biya

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu sha'awar tsofaffin babura ne, mutanenmu na Jos da Bukuru, da kuma waɗanda ke tasowa daga Abuja ƙarshen mako suna neman Vespa ko Honda irin wadda iyayenmu suka hau. Akwai wani mutum da ke tallar irin waɗannan babura a Facebook da WhatsApp. Ba shi da shago, ba shi da gareji, kullum sai dai ya ce a haɗu a gidan mai ko a bakin titi. Ba zan kama suna ba, don sunan ma canza shi yake yi kamar yadda yake canza layin waya. Amma ni aikina gyaran tsofaffin babura ne, kayan da ya sayar sun sha shigowa garejina, kuma salon damfarar bai taɓa canzawa ba.

Bodi yake saye a wajen 'yan gwangwan da kuɗi kaɗan. Injin kuwa daga wani wuri yake fitowa, Allah kaɗai ya san na wane ne. Sai ya sa a gurje lambar injin, a buga wata, a yi fenti mai ƙyalli, a ɗinka sabuwar kujera. Daga nan sai labari, don bakinsa akwai zaƙi: wai na wani Bature ne da ya yi aikin kuza, ko na wani tsohon ma'aikacin reluwe da magada suka kulle a ɗaki tun rasuwarsa. A Jos irin wannan labarin saurin shiga kunne gare shi, tunda kowa ya san an yi Turawan kuza a garin nan. Babbar hujjar da yake kafawa ita ce: "Alhaji, duba da idonka, lambar inji da ta bodi iri ɗaya ce, ba a taɓa sauke injin nan ba."

To a nan ne asirinsa yake tonuwa ga wanda ya san kan abin. Kamfanin Piaggio na Italiya, mai ƙera Vespa, ba ya buga mata lamba ɗaya a inji da bodi. Kowanne da jerinsa. Abin da ya kamata ya dace shi ne haruffan farko, waɗanda ke nuna samfurin. Vespa 150 Super, wadda aka fara ƙerawa a 1965, bodinta yana farawa da VBC1T, injinta VBC1M. Sprint kuwa VLB1T da VLB1M. P150X, cikin jerin da ya fito a 1977, VLX1T da VLX1M. Harafin T na bodi ne, M na inji, sannan lambobin da ke biye suna tsakanin 'yan taurari biyu. Idan ka ga bodi VBC inji kuma VLX, an yi musanya, wanda ba laifi ba ne in an gaya maka gaskiya kuma an rage kuɗi. Idan kuwa ka ga lambobin inji da na bodi sun zo daidai tun daga na farko har na ƙarshe, to hannun mutum ne ya buga, ba masana'anta ba. Haka Honda take: CD175 bodinta yana ɗauke da CD175, injinta CD175E, kuma jerin lambobin ba sa zama ɗaya. Maganar lamba ɗaya ta baburan Ingila ce irin su Triumph, shi kuma ya tsinto ta ya liƙa wa kowane babur. Su Triumph ɗin ma tun 1969 suka riƙa buga ƙananan tambarin kamfani a wurin da lambar take, don in an gurje a gane.

Wani dattijo ya kawo mini Vespa da ya saya a hannunsa, shuɗiya, gwanin sha'awa, wai in duba masa giya. Na kwantar da ita, na wanke wurin lambar da kananzir da burushi, sai ga abu fili. Jikin injin alminiyam ne, ko'ina da ɗan kaushin zubi da duhun shekaru, amma wurin lambar sumul yake, fari tas, da siraran layukan samfefa duk sun nufi gefe ɗaya. Da na shafa da yatsa sai na ji wurin ya ɗan lotsa. Lambobin kansu, wata ta nutse sosai, wata da ƙyar ta fito, akwai 7 guda da aka buga sau biyu har ta yi inuwa, taurari kuwa babu ko ɗaya. Na ce, "Baba, ranka ya daɗe, wannan injin ba na Italiya ba ne." Ya ce, "Yaro, ka tabbata?" Na nuna masa sauran alamomin: injin LML ne, na Indiya. LML sun ƙera irin Vespa PX, wato jerin su P150X, a Kanpur da izinin Piaggio, Bajaj kuma sun fito da Chetak a 1972 mai kama da Sprint, shi ya sa injinansu ke zama a bodin Vespa ba tare da wata wahala ba. Ba mugun inji ba ne, ni kaina ina sa wa mutane shi. Amma ba kuɗinsa Baba ya biya ba. Ya kira layin mutumin a gabana, a kashe.

Ba kowace lamba da ta ɗan karkace ce ta bogi ba, a yi adalci. Abin dubawa shi ne fatar ƙarfen da siffar lambobin. Ka je da rana, ka tafi da makanikenka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ka haska tocila ta gefe, ba ta sama ba, don hasken gefe ne ke fito da lotsawa da sawun gurza. Ka ɗora takarda ka goga fensir, ka kwatanta da wani babur irinsa da ka san asalinsa, ka lura da yadda 3 da 4 da 7 suke. A bodi kuma akwai masu yanko ɓangaren da lambar take daga wani mataccen babur su yi masa walda, su rufe da fila, wato abin da ake cike lotsawar bodi da shi kafin fenti. Maganaɗisu yana tona wannan, don ba ya kama wurin da fila ta yi kauri, amma a bodi kawai, alminiyam ba ya jin maganaɗisu. In mai babur ya hana a kankare fenti kaɗan a wurin lamba, ko ya fara cewa sauri yake, akwai wani Alhaji daga Maitama da ke jira, ka sallame shi. Lamba mai harafi da adadi 17 kuma tsarin da ya kankama ne daga 1981, don haka babur da aka ce na 1970 ne bai kamata a gan shi da ita ba.

Sai maganar kafin alƙalami. Mutumin yana turo hotuna masu kyau daga nesa, hoton lamba kuwa kullum dishi-dishi, sannan ya ce a tura wani abu don ya riƙe maka. Wannan cinikin biri a sama ne, kada a tura ko sisi.

Asarar kuɗi ita ce mai sauƙi. Mutum ba ya ɓata lokacinsa ya gurje lamba haka kawai, sau da yawa injin na sata ne. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma ranar da aka tare ka, a hannunka za a samu babur ɗin, ba a hannunsa ba. Gurzar ma ba kullum take ɓoye asalin lambar ba: bugun lamba yana danne ƙarfen da ke ƙarƙashinta, masu binciken laifi na iya zuba sinadari tsohuwar lambar ta sake bayyana. Saboda haka a nemi takardun asali, a duba ko lambobin da ke ciki su ne a jikin babur, a bincika lambar rajista a tsarin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, a kuma rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, da lambar inji da ta bodi, da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Wanda ya ƙi ba da katinsa ya gama yi maka bayani.

Wanda kuma ya riga ya saya, don Allah kada ya kai wa mai walda ko mai fenti ya gyara wurin, sai laifin ya dawo kansa. Ya bar shi yadda yake, ya ɗauki hoto, ya tattara shaidar tura kuɗi da hirarsu ta WhatsApp, ya kai caji ofis mafi kusa da inda aka yi cinikin, ya nemi a rubuta rahoton a ba shi shaida.