Daga Bonn zuwa Lesta da tukunyar da babu nama

Yaya, sallama, da fatan kowa lafiya. Kin ce in bar yi miki guntun saƙon murya, in zauna in rubuto miki dalla-dalla yadda aka yi gidana aka daina ɗora nama, da abin da yaran ke ci, tunda kin ga hoton auta kin ce wuyansa ya yi tsawo. Wuyan nan gado ne, kin kuma san na wane ne. Sauran tambayoyin kuwa ga amsarsu.

Kada ki ɗauka wata aƙida muka shiga, ba mu haramta abin da Allah ya halatta ba. Abu biyu ne suka haɗu a 2022, muna Bonn ta ƙasar Jamus. Likita ya ce wa Baban yara kitse ya yi masa yawa a jini, ita kuma 'yar fari, tana shekara tara, makaranta ta kai su ziyarar gona, ta shafa kan ɗan maraƙi, ta dawo ta ce ita da nama sun raba gari. Na ce kwana uku ma ya yi yawa za ta sauko. Sai da na yi wata biyu ina girki kashi biyu, na gaji na ce kowa ya ci abin da ke tukunya ɗaya.

A nan abin gida biyu ne. Wanda ya bar nama da kifi amma yana cin ƙwai yana shan madara, shi ake rubuta wa vegetarian a jikin kaya. Wanda ya bar duk abin da ya fito daga dabba, har cuku da zuma, shi ne vegan. Mu muna gidan farko, 'yar fari na ta jan mu zuwa na biyu, ni kuma na dafe ƙofa saboda ƙannenta.

Wajen kaya, Jamus ta shagwaɓa ni. Kantunan dm da Rossmann, waɗanda asalinsu na sabulu da man shafawa ne, suna da layi guda na busasshen abinci: wake kala-kala, niƙaƙƙiyar gyaɗa, niƙaƙƙen riɗi, ƙwayoyin bitamin. Awara kuwa har a manyan kantunan Aldi da Lidl, akwai fara akwai wadda aka yi wa hayaƙi, kuma mai hayaƙin ce ta fara shawo kan ɗana na tsakiya, don a baki tana kama da abin da ya saba. Alamar kayan vegan da'ira ce ruwan ɗorawa da harafin V kore mai ganye, daga nesa kike hango ta. A watan Oktoba na 2023 Lidl ta sauke farashin yawancin kayanta na tsirrai ya yi daidai da takwarorinsu na dabba, na ji daɗin wannan a aljihuna. Amma gwamnatinsu na karɓar harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madarar tsirrai, ta shanu kuwa kashi 7. Madarar ma ba a yarda a kira ta madara a jikin kwali ba, tun hukuncin kotun Tarayyar Turai na 2017, sai dai a rubuta abin sha na hatsin ots ko na waken suya. Mu a gida madara muke ce mata, kotu ba ta shigowa kicin.

A kan wannan madarar na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Auta ya ga yayarsa na shan ta ots, ya ture ta shanu, na bi shi. Ni a wayona sai na riƙa zaɓar mai tambarin Bio, wato wadda aka noma ba takin zamani ba maganin ƙwari, ta fi tsada, na ce ai ɗana ya cancanci mai kyau. Wata biyar muna haka. A Jamus kowane yaro yana da ɗan littafi ruwan ɗorawa na awon lafiya, ana kai shi wurin likitan yara kai tsaye a lokutan da aka tsara. Ranar awon cika shekara biyu likitar ta tambaye ni me yake sha da safe. Allah ya sa akwai ƙaramin kwali a jakata, na miƙa mata ina alfahari. Ko kallon gaban ba ta yi ba. Ta juya bayan, ta bi jerin da yatsa, ta ɗago ta ce, "Ruwa, ots, mai, gishiri. Ina kalshiyam?" Na yi tsuru-tsuru. Ashe dokar kayan Bio ba ta bari a ƙara musu sinadarai irin wannan, har kotun Turai ta sake jaddada haka a 2021. Mai arhar da nake rainawa ita ce ake ƙara wa kalshiyam miligiram 120 a kowane mililita 100, daidai da ta shanu, sau da yawa har da bitamin B12 da D. Ta ce in mayar da shi kan ta shanu, in ya ƙi to ta waken suya da aka ƙara wa sinadarai, don ita ce furotin ɗinta ya kusa na madara, ta ots ba ta kama ƙafarta ba.

Tun ranar na gane alamar gaban kwali abin da babu a ciki kawai take gaya miki. Abin da ƙashin yaro da jininsa ke nema a baya yake, da ƙananan haruffa.

Likitar ba ta ɓoye mini ra'ayinta ba. Ƙungiyar masana abinci ta Jamus, DGE, ta fitar da matsaya a 2016 cewa ba ta ba da shawarar tsarin vegan ga mai ciki da mai shayarwa da jarirai da yara ba. A 2024, gab da tasowarmu, suka ɗan sassauta, suka ce ba su goyi baya ba, ba su kuma hana ba. Abin da ba a jayayya a kansa a ko'ina shi ne B12. Tsirrai ba sa ba da shi yadda za a dogara, ƙarancinsa kuma na taɓa jini da jijiyoyi, a jariri ma ƙwaƙwalwa, kuma yana iya daɗewa bai nuna ba. Don haka kwalbar ɗigon B12 tana kusa da butar shayi, 'yar fari ba ta fita makaranta sai ta sha.

Da aiki ya dawo da mu Ingila, garin Lesta, wanda ƙungiyar ƙwallonsa ta ba duniya mamaki da kofin Firimiya a 2016, sai na tarar ashe gidan abin muka zo. A garin nan Donald Watson yake zaune lokacin da ya ƙirƙiro kalmar vegan a 1944, ya kafa ƙungiyarsu, wadda furen sunflawa ne tambarinta a jikin kaya. Amma ba shi ya cika mini tukunya ba. Indiyawan da Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972, da yawansu nan suka sauka, yawanci 'yan Gujarat, kuma akwai gidaje a cikinsu da kaka da kakanni ba a taɓa cin nama ba. Titin Belgrave nasu ne. Ƙananan waken nan da suke kira dal, wanda a Bonn nake saye a 'yar leda rabin kilo, a nan buhu-buhu ake jibge shi, ja da rawaya da baƙi, ga kayan ƙamshi da a can sai na zaga gari.

Maƙwabciyata tsohuwa ce daga cikinsu. Ta ga ina zuba dal a ruwa kamar mai dafa magani, ta karɓe ludayin. Ta dafa shi da kurkum har ya narke, ta ɗauko ƙaramin kasko ta zuba mai sosai, ta watsa 'ya'yan mustad, suka hau tsalle suna ƙara, ta bi da tafarnuwa da barkono, ta juye a kai ya yi cuuu, ta rufe da sauri. Na tsakiya, wanda ya sha cewa wake abincin fursuna ne, sai da ya ƙara. Na lura ita ba ta rabuwa da yogot a gefen faranti, jikokinta ma haka. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa ba nama ba su yar da madara ba, wannan ma ya ƙara mini ƙarfin dafe ƙofar nan.

Manyan kantunan Ingila awararsu ba ta kai ta Jamus ba, ga tsada. Inda suka yi zarra shi ne ƙara sinadarai a abincin yau da kullum. Doka ce a nan a sa kalshiyam da sinadarin ƙarfe da wasu bitamin biyu a farin garin alkama, don haka burodin da yaro zai ci da safe ma yana ɗauke da wani abu, abin da babu tilas a kansa a Jamus. Hatsin karin kumallo na kwali yawanci an ƙara masa ƙarfe. Akwai wani baƙin abu mai danƙo da ake shafa wa burodi, Marmite, na yis ne, yana da B12. Auta na lashe shi, ni ko warinsa ba na so. Sai dai gishiri. A Jamus gishiri mai aidin shi ne a gabanki a kowane kanti, a nan kuwa sai kin yi nema kamar allura, don su aidin ɗinsu daga madara da kifi suke samu. Wanda ya bar biyun nan a Ingila ya buɗe rami bai sani ba. Ni da kwalayen gishiri shida na sauka a ƙasar nan, Baban yara na yi mini dariya.

Wajen lafiya, NHS, hukumar lafiya ta Ingila, ta fi sakin fuska. Ta yarda yaro zai iya tashi a haka in an tsara da kyau, ta kuma rubuta komai a fili: daga wata shida zuwa shekara biyar a ba yaro bitamin A da C da D kullum, madarar tsirrai sai ya cika shekara kuma wadda aka ƙara wa kalshiyam, ta shinkafa kuwa kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyar saboda gubar asenik, gyaɗa guda-guda ma haka don kada ta shaƙe shi. Mu masu duhun fata an ce mu riƙa shan maikrogiram 10 na bitamin D duk shekara, ba lokacin hunturu kaɗai ba, don ranar ƙasar nan ta ado ce. Amma ganin likita, Yaya! A Bonn likitar yara ta san sunan kowa. A nan asibitin unguwa sai ki kira ƙarfe takwas na safe ki ji kin zo ta ashirin da wani abu a layi. Da 'yar fari ta fara al'ada, na ga tana yawan kwanciya, cikin idonta ya yi fari, sai da na yi mako uku kafin a ɗebi jininta. Ƙarfe ya yi ƙasa. Laifin har da nawa: shayi take kora abinci da shi, shi kuwa shayi na hana jiki ɗaukar ƙarfen tsirrai, wanda dama bai kai na nama saurin shiga ba. Aka ba ta magani, na mayar da shayi tsakanin abinci, lemo ko tumatir ko tattasai ɗanye ya hau faranti, don bitamin C ke buɗe masa hanya.

Makaranta kuwa Ingila ce gaba. A gidan renon auta na Bonn na rubuta ba nama, ranar Juma'a aka ba shi kifi, aka ce ai kifi ba nama ba ne. A nan fom ake cikewa, a makarantarsu kullum akwai zaɓin marasa nama, kuma ajin farko uku na makarantun gwamnati kyauta suke ci tun 2014, auta na ciki. Ƙorafina ɗaya, cuku ya yi yawa: yau dankali da cuku, gobe taliya da cuku.

Wani abu da zai ba ki dariya, na zama malamar karatun leda. Ƙasashen biyu suna tilasta a fito da abubuwa 14 masu tayar da borin jini a jerin kayan haɗi, madara da ƙwai da kifi na ciki, wannan ya rage mini aiki. Amma jelatin na alewar yara, wanda sau da yawa daga alade yake, ba ya cikin 14 ɗin, haka jan launin E120 da ake yi da ƙwari. Kuma vegan ba ya nufin babu giya a ciki, wannan sai kin duba da kanki.

Naman jabu na leda, sosej da boga da sauransu, ba na ɗora gida a kansu. Na kamfanin Quorn nasu ne na Ingila, wasu da farin ƙwai ake haɗa su, ana cin sa ranar da na gaji. Sauran ranaku wake ne da shinkafa da dal da awara da ƙwai, kuma kuɗin cefane ya ragu a kan lokacin da muke sayen nama. Auta kaɗai nake yi wa dabara. Cikinsa ƙarami ne, ganye da wake na cika shi kafin ya samu ƙarfin da yake buƙata, shi ya sa nake ƙara masa mai a abinci, in shafa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa da kauri, in ba shi sau biyar a rana. Awonsa na watan jiya yana kan layinsa, zan ɗauki hoton shafin in turo miki ki daina ƙirga wuya.

Kitsen jinin Baban yara ya sauka, ko da yake wasu ranakun Juma'a yakan dawo jakitinsa na ƙamshin gasasshen nama, 'yar fari ta sansana ta kalle ni, ni kuma in kalli tukunya. Gishirin nan saura kwali ɗaya, shi ne yanzu yake tambayar abokan aikinsa ko akwai mai zuwa Jamus. Ki gaida yara da maigidan.